Indiya: Arziki Na Gudu, Aikin Yi Na Rarrafe

A ranar 26 ga Janairun 2022, ranar da Indiya ke bikin zamanta jamhuriya, hayaƙi ya turnuƙe tashar jirgin ƙasa ta garin Gaya da ke jihar Bihar. Waɗanda suka cinna wa taragon jirgin wuta matasa ne masu neman aiki, da yawansu da takardar digiri a hannu. Tun a 2019 hukumar jiragen ƙasa ta tallata guraben aiki kimanin 35,000, irin su akawu da mai sayar da tikiti da shugaban tasha. Mutum sama da miliyan 12 suka nema, wato kowace kujera guda mutum wajen 350 ne ke hanƙoronta. Aka yi kusan shekara uku ana jan ƙafa, da sakamakon ya fito kuma matasan suka ce ba a yi musu adalci wajen tantancewa ba. Akasarinsu 'ya'yan manoma ne da iyaye suka ƙuntata wa kansu don su biya musu hayar ɗaki a Patna, babban birnin jihar, inda ake cunkusa mutum uku ko huɗu a ɗaki guda, suna haddar tambayoyin jarrabawa shekara da shekaru.

A cikin 2022 ɗin dai Indiya ta sha gaban Birtaniya, ƙasar da ta yi mata mulkin mallaka, ta zama ta biyar a girman tattalin arziki a duniya. Shekara guda bayan haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta zarce ƙasar Sin a yawan jama'a, da mutum sama da biliyan 1.4. Labaran biyu duk gaskiya ne, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ba zai fahimci inda ƙasar ta dosa ba. Ni a ganina bunƙasar Indiya ta gaske ce kuma za ta ci gaba, amma abin da zai yanke hukunci kan makomarta shi ne ko za ta iya samar da aikin albashi ga ɗaruruwan miliyoyin mutanen da karatunsu bai yi nisa ba, musamman mata da mazauna jihohin arewacin ƙasar. A kan wannan ma'aunin har yanzu da sauran aiki ja.

Daga jinginar zinariya zuwa sahun gaba

Duk wanda zai yi magana kan Indiyar yau sai ya faro daga 1991. A tsakiyar shekarar kuɗin waje da ke baitulmalin ƙasar bai fi na sayen kayan mako biyu zuwa uku ba, har ta kai gwamnati ta kwashi zinariya wajen tan 67 ta kai bankunan waje a matsayin jingina. Kafin wannan lokaci ɗan kasuwa ba ya kafa masana'anta, ko ya faɗaɗa wadda yake da ita, ko ya shigo da inji, sai da lasisi daga ofisoshin Delhi, kuma mai son babur ƙirar Bajaj kan yi shekaru a layi kafin nasa ya fito. Firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka rushe mafi yawan wannan tsari cikin 'yan makonni, suka karya darajar rupi, suka rage harajin shigo da kaya, suka buɗe ƙofa ga masu zuba jari daga waje. Tattalin arzikin da a lokacin bai kai dala biliyan 300 ba, yau ya doshi dala tiriliyan 4, yana kafaɗa da kafaɗa da na Jafan. Asusun kuɗin waje ya haura dala biliyan 600. Tun bayan annobar korona bunƙasar shekara-shekara ba ta yi ƙasa da kashi 6 cikin ɗari ba, abin da babu wata babbar ƙasa da ta yi. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa tsakanin 2011 da 2023 mutum wajen miliyan 170 sun fita daga matsanancin talauci.

Akwai masu shakkar alƙaluman. Arvind Subramanian, wanda ya taɓa zama babban mai ba gwamnati shawara kan tattalin arziki, ya rubuta a 2019 cewa an ƙara gishiri a lissafin bunƙasar wasu shekaru, gwamnati kuma ta musanta. Ko da an rage wani abu daga lissafin, abin da ido ke gani ba ya ɓoyuwa. Sai dai akwai adadi guda da ya kamata a ajiye kusa da duk wani kirari: idan aka raba arzikin ƙasar ga kowane ɗan Indiya, rabon mutum guda bai kai dala 3,000 a shekara ba, alhali na ɗan Sin ya kai wajen dala 13,000. A farkon shekarun 1980 ƙasashen biyu kusan kunnen doki suke. Tazarar da ta shiga tsakaninsu cikin shekara arba'in ita ce ainihin abin tambaya.

Abin da gwamnati ta gina da kyau

Kafin a zo ga tazarar, adalci ne a faɗi inda Indiya ta yi abin da ƙasashe masu arziki ma suke zuwa koyo. A 2009 aka ɗauko Nandan Nilekani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys, aka ɗora shi kan aikin ba kowane mazaunin ƙasar lambar shaida mai ɗauke da zanen yatsu da na ƙwayar ido, wadda ake kira Aadhaar. Yau mutum sama da biliyan 1.3 suna da ita. A 2014 gwamnatin Narendra Modi ta ƙaddamar da shirin buɗe wa talakawa asusun banki kyauta, wanda ya haura asusu miliyan 500. A 2016 aka fito da tsarin tura kuɗi na UPI, a shekarar ne kuma kamfanin Jio na Mukesh Ambani ya karya farashin data har intanet ɗin waya a Indiya ya zama cikin mafiya araha a duniya. Sakamakon haɗuwar waɗannan abubuwa ana ganin sa a bakin kowane titi. Mai shayi yana da ɗan kwali mai lambar da ake ɗauka da kyamarar waya a jingine kusa da tukunyarsa. Mai saye ya haska waya, ya tura rupi goma, sai wata 'yar na'ura mai lasifika ta faɗi da ƙarfi cewa kuɗi sun shigo, mai shayin bai ma ɗago kai daga tace madara ba. Ba a cirar ko sisi daga mai saye. Tun 2023 irin wannan ciniki ya wuce sau biliyan 10 a wata, a 2025 kuma ya ninka.

A 2017 aka haɗe tarin harajin jihohi da na tarayya zuwa harajin kaya guda ɗaya, aka kawar da shingayen da manyan motoci ke kwana a gabansu a kan iyakokin jihohi. Tsawon manyan hanyoyin tarayya ya ƙaru da fiye da rabi tun 2014, filayen jirgin sama sun ninka, kusan duk manyan layukan dogo an sa musu lantarki, an kuma shimfiɗa layuka na musamman don jiragen dakon kaya kaɗai. Ba komai ne ya yi kyau ba. A daren 8 ga Nuwamban 2016 Modi ya soke takardun rupi 500 da 1,000, wato kashi 86 cikin ɗari na darajar kuɗin da ke yawo, da sunan yaƙi da kuɗin haram. Kusan duk kuɗin suka dawo banki, ƙananan sana'o'i kuwa suka sha wuya. Mai karatu a Kano ko Sakkwato da ya ga halin da aka shiga lokacin canjin naira a farkon 2023 ba ya buƙatar dogon bayani. Duk da wannan tuntuɓe, ƙasar ta sauƙaƙa biyan kuɗi da jigilar kaya ƙwarai. Abin da waɗannan gyare-gyare ba su yi ba shi ne samar wa ɗan manomin Bihar wurin da zai je da safe ya dawo da albashi a ƙarshen wata.

Matakalar da aka tsallake

Jafan, Koriya ta Kudu, Taiwan, Sin, da Biyetnam a baya-bayan nan, duk hanya guda suka bi. Sun kwashe mutane daga gona zuwa masana'antun ɗinki, takalma, kayan wasan yara da haɗa rediyo, suka sayar wa duniya, suka tara jari da ƙwarewa, sannan suka hau zuwa motoci da kwamfuta. Hikimar wannan hanya ita ce ba ta buƙatar digiri. Yarinyar da ta gama firamare tana iya koyon keken ɗinki cikin 'yan makonni, abin da za ta samar kuma ya ninka na ranar da take taya iyayenta cirar ciyawa. Indiya ta tsallake wannan matakala ta tsani, ta yi tsalle daga gona kai tsaye zuwa aikin kwamfuta. Masu dogayen ƙafafu sun haye, sauran suna ƙasa. Har yau kimanin kashi 45 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar a gona suke, amma noma bai samar da ko kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasa ba. Lokacin da Modi ya ƙaddamar da shirin ƙera kaya a gida a 2014, burin shi ne masana'antu su kai kashi 25 cikin ɗari na tattalin arziki. Bayan shekara goma suna nan tsakanin kashi 13 da 17, ya danganta da yadda aka yi lissafi. Bangladash, mai jama'ar da ba ta kai ta jihar Uttar Pradesh kaɗai ba, tana fitar da tufafin da suka ninka na Indiya fiye da sau biyu, alhali Indiya na cikin manyan masu noman auduga a duniya.

Dalilan suna da tushe mai nisa. Na farko ilimi ne. Gwamnatin Jawaharlal Nehru ta zuba ƙarfi a manyan cibiyoyin fasaha, na farkonsu a Kharagpur a 1951, waɗanda suka yaye injiniyoyin da yau wasunsu ke shugabancin manyan kamfanonin Amurka. Makarantar firamare ta ƙauye kuwa aka bar ta a baya. A 1991 kusan rabin 'yan Indiya ba su iya karatu da rubutu ba, a daidai lokacin da wajen kashi 78 cikin ɗari na 'yan Sin suka iya. Ko a yanzu binciken da ƙungiyar Pratham ke gudanarwa a karkara yana nuna cewa kusan rabin yaran aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Na biyu dokar ƙwadago ce. Shekaru da dama masana'antar da ke da ma'aikata 100 ko fiye ba ta da ikon rage ma'aikata sai da izinin gwamnati, don haka masu jari da yawa suka gwammace su zauna ƙanana, ko su raba masana'anta gida biyu, ko su sayi inji maimakon ɗaukar mutum. An yi dokar ne don kare ma'aikaci, amma ta kare tsirarun da suka riga suka shiga, ta rufe ƙofa ga ɗimbin da ke waje. Majalisa ta haɗe tsofaffin dokoki 29 zuwa huɗu a 2019 da 2020, ta ɗaga adadin zuwa 300, sai dai an kwashe shekaru kafin a fara aiki da su. Na uku fili ne: a 2008 kamfanin Tata ya tattara masana'antar ƙaramar motarsa Nano daga Singur a Bengal ta Yamma ya koma Gujarat saboda rikici da manoman da aka karɓe wa gonaki. Na huɗu kotu ce, inda shari'u wajen miliyan 50 ke jiran hukunci, wanda aka ci wa kuɗi a kwangila kuma yana iya tsufa kafin a yanke masa.

Illar tana bayyana a fili. Rahoton tattalin arziki da gwamnati da kanta ta fitar a 2024 ya ce sai an samar da ayyukan da ba na noma ba kusan miliyan 8 kowace shekara har zuwa 2030. Wani rahoton Hukumar Ƙwadago ta Duniya na shekarar ya nuna cewa a cikin matasa masu digiri kusan kashi 29 cikin ɗari ba su da aiki, waɗanda ba su yi makaranta ba kuwa wajen kashi 3 ne kawai, don talaka ba shi da sararin zaman jira, duk abin da ya samu yi yake yi. Batun mata ya fi ɗaga hankali. A ƙiyasin Bankin Duniya mace ɗaya cikin uku ce ke aiki ko neman aiki, a Biyetnam kuwa biyu cikin uku ne. Alƙaluman gwamnati sun nuna adadin ya ƙaru sosai tun 2018, amma kaso mai yawa na ƙarin matan karkara ne da ke aiki a gonar gida ko kiwon dabbobi ba tare da albashi ba. Ƙasar da ke raba wa mutum miliyan 800 hatsi kyauta kowane wata ta cancanci yabo don ta hana yunwa, amma girman wannan adadi kansa shaida ne na yawan waɗanda bunƙasar ba ta kai ga aljihunsu ba.

Masu cewa zamanin masana'anta ya wuce

Hujja mafi ƙarfi da ke ja da wannan ra'ayi ta fito ne daga Raghuram Rajan, gwamnan babban bankin Indiya daga 2013 zuwa 2016. Shi da masu ra'ayinsa suna cewa hanyar da Sin ta bi ta cushe: injuna masu sarrafa kansu sun rage buƙatar hannu, ƙasashen Yamma sun fara rufe kasuwanninsu, ribar haɗa kaya kuma 'yar kaɗan ce idan aka kwatanta da ta zane da ƙirƙira. Don haka gara Indiya ta zuba kuɗi a makarantu da asibitoci, ta sayar wa duniya aikin ƙwaƙwalwa. Suna da abin nunawa. Kamfanoni irin su TCS, Infosys da Wipro sun gina masana'antar da ke juya sama da dala biliyan 250 a shekara. Manyan bankuna da kamfanonin duniya sun buɗe cibiyoyi wajen 1,700 a Bengaluru, Hyderabad, Pune da sauran birane, inda ake yin lissafi, binciken shari'a da zanen injuna. 'Yan Indiya mazauna waje kuma suna aiko da sama da dala biliyan 120 gida a shekara, fiye da na kowace ƙasa. Rajan ya soki tallafin da aka ba kamfanin Micron don kafa masana'anta a Gujarat, aikin dala biliyan 2.75 da gwamnati ta ɗauki nauyin kusan kashi 70 cikin ɗari, don samar da ayyuka kai tsaye wajen 5,000.

A kan Micron ina tare da shi, kuma a kan makarantu babu mai hankalin da zai musa. Inda hujjar ta gaza shi ne lissafin kawuna. Bayan shekara talatin na nasara, duk fannin kwamfuta bai ɗauki mutum miliyan 6 ba, a ƙasar da ma'aikatanta suka haura miliyan 550. Ko da ya ninka, bai cike buƙatar shekara guda ba. Ga kuma barazanar ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fi iya irin ƙananan ayyukan rubuta manhaja da amsa kiran kwastoma da sabbin ɗalibai ke farawa da su. A 2025 TCS ya sanar da rage ma'aikata wajen 12,000. Gyaran makaranta kuma yaron da ke aji ɗaya yau zai amfana, ba matar da ta kai shekara 25 da karatun aji biyar ba, ita ma tana da shekara talatin ko fiye na aiki a gabanta.

Ɗaya ɓangaren, magoya bayan gwamnati, suna cewa ai masana'antar ta riga ta iso, su nuna Apple. Tun da aka fito da shirin ba kamfanoni lada gwargwadon abin da suka ƙera a 2020, Foxconn da Tata sun faɗaɗa haɗa wayar iPhone har Indiya ta kai kusan ɗaya cikin biyar na duk wadda ake yi a duniya, fitar da wayoyi kuma ya haura dala biliyan 20 a shekara. Wannan nasara ce, ko da yake yawancin kayan cikin wayar daga waje ake shigo da su. Amma a duba inda masana'antun suka sauka. Sriperumbudur, kusa da Chennai a jihar Tamil Nadu, inda motocin bas ke sauke dubban 'yan mata a ƙofar masana'anta tun da asuba, aka kuma gina musu manyan gidajen kwana. Jihar ita kaɗai ke da wajen kashi 40 cikin ɗari na duk matan da ke aiki a masana'antun Indiya. Ba sa'a ce ta kawo haka ba. Tun zamanin babban ministan jihar K. Kamaraj a shekarun 1950 jihar ta fara ciyar da yara a makaranta, aka faɗaɗa shirin a 1982, 'ya'ya mata suka zauna a aji, aka gina tashar ruwa da hanyoyi, gwamnatoci masu hamayya da juna kuma suka riƙe manufa guda ta jawo masu jari. Misalin Apple yana tabbatar da cewa hanyar masana'anta ba ta toshe ba, yana kuma nuna cewa ta buɗe ne kawai a jihohin da suka yi shekara hamsin suna shara da shimfiɗa. Abin da ɗan Bihar ke samu a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin uku na matsakaicin ƙasa ba, ga jihar da mutum wajen miliyan 130.

Kasuwar da ba ta kai girman sunanta ba

Wannan duka yana da ma'ana ga ɗan kasuwa. Kamfanoni da yawa sun shiga Indiya da lissafin kwastoma biliyan ɗaya da rabi, suka tarar masu rarar kuɗi bayan ci da sha da haya ba su wuce wani ƙaramin kaso ba. Wani bincike na 2024 da masanin tattalin arziki Thomas Piketty ke cikin marubutansa ya nuna cewa mutum ɗaya cikin ɗari na sama suna riƙe da kusan kashi 40 na dukiyar ƙasar. Ana sayar da motocin hawa wajen miliyan 4 a shekara, Sin kuwa sama da miliyan 20. Babura ne ake saya kusan miliyan 20. General Motors ya daina sayar da mota a can a 2017, Ford ya rufe masana'antunsa bayan 2021, Maruti Suzuki mai ƙananan motoci masu shan mai kaɗan yana riƙe da wajen kashi 40 na kasuwar. Wanda ya ci riba a Indiya shi ne wanda ya iya sayar da sabulun wanke gashi a 'yar leda ta rupi ɗaya ko biyu, ya tara riba daga yawa.

Wannan tarbiyya ta tsuke farashi ita ce ta sa kayan Indiya suka yi daidai da aljihunmu. A daidaita sahun da ke cika titunan Kano da baburan 'yan acaɓa da kabu-kabu galibi ƙirar Bajaj ne ko TVS, Najeriya kuma na cikin manyan kasuwannin Bajaj a waje. Layin Airtel da ake kira da shi a Najeriya, Nijar da Chadi ya zo ne bayan kamfanin Bharti na Indiya ya sayi harkokin kamfanin Zain na Afirka a 2010 kan dala biliyan 10.7. Indiya ce ke samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na magungunan da wa'adin mallakarsu ya ƙare a duniya. A 2001 kamfanin Cipla ya yi tayin sayar da maganin ƙanjamau kan ƙasa da dala ɗaya a rana, lokacin da farashinsa a Yamma ya haura dala 10,000 a shekara, wannan ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa a Afirka. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, a Pune aka sarrafa shi. Amma araha ba tare da sa ido ba tana kisa: a 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta danganta lamarin da wani maganin tari da aka yi a Indiya. Dogaro ma yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da Indiya, mai fitar da kusan kashi 40 na shinkafar da ake cinikinta a duniya, ta hana fitar da farar shinkafa, farashi ya tashi a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Iskar waje da ƙarewar lokaci

Indiya na sayo sama da kashi 85 cikin ɗari na ɗanyen man da take amfani da shi, don haka duk tashin farashi yana taɓa rupi. Ta daɗe tana cikin manyan masu sayen man Najeriya, amma bayan 2022 ta karkata ga na Rasha mai rangwame har ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da take shigowa da shi. Giɓin cinikinta da Sin ya kai wajen dala biliyan 100, kuma hatta sinadaran magungunan da take alfahari da su, mafi yawan waɗanda take shigowa da su daga can suke. A 2019 ta fice daga tattaunawar babbar yarjejeniyar cinikin ƙasashen Asiya don tsoron ambaliyar kayan Sin, ta kuma ƙara haraji kan kayayyaki da yawa, abin da ke tsadar da zare da maɓalli da sassan da mai fitar da kaya ke buƙata. Ga zafin da ya doshi maki 50 a Delhi a 2024, da ƙarancin ruwan da ya galabaitar da Chennai a 2019 da Bengaluru a 2024.

Lokaci ma ba ya jira. Rabin 'yan Indiya ba su kai shekara 30 ba, amma haihuwa ta sauko zuwa 'ya'ya biyu ga kowace mace, jihohin kudu sun fara tsufa, kaso mai yawa na matasan da za su shigo kasuwar aiki nan gaba daga Uttar Pradesh da Bihar za su fito. Gwamnati na son ƙasar ta shiga sahun masu arziki a 2047, lokacin cikar shekara ɗari da samun 'yanci; Bankin Duniya ya ce hakan sai da bunƙasar kusan kashi 8 cikin ɗari kowace shekara har sama da shekara ashirin, gudun da Indiya ba ta taɓa riƙewa na tsawon haka ba.

A watan Agustan 2025 gwamnatin Donald Trump ta ɗora wa kayan Indiya harajin kashi 50 cikin ɗari, rabinsa horo ne kan sayen man Rasha. An keɓe wayoyi da magunguna. Waɗanda bulalar ta sauka a kansu su ne masu ɗinkin riguna a Tiruppur ta jihar Tamil Nadu, masu gogar lu'ulu'u a Surat da masu kiwon jatan lande a Andhra Pradesh, wato daidai sana'o'in da ke ɗaukar mai ƙaramin karatu. A ɗaya hannun, yarjejeniyar da aka sa wa hannu da Birtaniya a Yulin 2025 ta tanadi cire haraji kan tufafi da takalman Indiya, fifikon da Bangladash ta daɗe tana mora ita kaɗai a tsakaninsu. Delhi ce ke ƙulla irin wannan yarjejeniya, amma fili, wutar lantarki, makarantar firamare da tsaron matar da za ta taso daga aikin dare duk a hannun gwamnatocin jihohi suke. A yau dubban 'yan Bihar da Odisha ne ke tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa zuwa Tiruppur don su zauna a gaban keken ɗinki, saboda masu jari ba su gamsu cewa za su iya kafa masana'antar mutum dubu goma a Patna ko Lucknow ta Uttar Pradesh su kuma cika odar waje a kan lokaci ba.